Wi-Fi ɗaya, ɗakuna goma: yadda ake shimfiɗa mesh a gidan haya a Unguwar Shanu

Tun daga watan Janairun 2025, lokacin da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin 100, lissafin masu wayar hannu ya canza. Wannan shi ne ƙari irinsa na farko tun 2013, kuma duk wanda yake kallon bidiyo a TikTok ko YouTube ya ji shi a aljihu. Shi ya sa a unguwannin da gidajen haya suka yi yawa, irin su Unguwar Shanu da maƙwabciyarta Abakpa a ƙaramar hukumar Kaduna ta Arewa, ake ta yin wani tunani: me zai hana gida ɗaya ya haɗa kuɗi a biya babbar data guda, kowa ya sha daga cikinta?

Tunanin yana da kyau. Sau da yawa ma maigida ya riga ya mallaki rautar MTN ko ta Airtel, wani kuma ya kafa Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023. Matsalar ita ce rautar tana falon maigida, siginar kuma ba ta wuce ɗaki na biyu ko na uku. Wanda yake ɗakin ƙarshe, kusa da banɗaki, zai biya kuɗi daidai da kowa, amma sai ya fito tsakar gida ya ɗaga waya sama kafin saƙo ya tafi. Daga nan ake fara guna-guni.

A nan ne tsarin mesh yake shigowa. Sai dai sayen na'urorin shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Abin da yake da wuya shi ne haɗa su da rautar da take gidan ta yadda 'yan haya za su samu sabis, kayan maigida su tsira daga leƙe, wata kuma ya ƙare ba a yi rigima a kan kuɗi ba.

Me yake kashe sigina a gidajenmu?

Wi-Fi igiyar rediyo ce, kuma yawancin rautocin da ke kasuwa suna watsa ta a kan zango biyu: 2.4 GHz da 5 GHz. Na farkon yana tafiya nesa, yana ɗan ratsa bango, amma gudunsa kaɗan ne, ga cunkoso, domin a kansa Bluetooth da rautocin maƙwabta suke aiki. Na biyun yana da gudu sosai, amma bango biyu sun isa su karya masa ƙafa.

To dubi yadda gidan haya yake a Unguwar Shanu. Ɗakuna ne a jere, wasu falle ɗaya, wasu ciki da falo, kowanne da bangon bulo na siminti da aka yi wa filasta. Ƙyaure na ƙarfe ne, taga da ƙarfen tsaro, rufi kuma kwano. Ƙarfe yana mayar da igiyar rediyo baya kamar yadda madubi yake mayar da haske. Ruwa kuma shanye ta yake yi, don haka tankin ruwan da ke tsakar gida shi ma katanga ne. Adadin murabba'in mitar da kake gani a jikin kwalin rauta, ba don gida irin wannan aka auna shi ba. A gidan bulo, ka rage wannan alƙawarin sosai.

Mene ne mesh ɗin?

Ka ɗauki mesh a matsayin raga. Maimakon rauta ɗaya ta yi ta ihu daga falo, sai a rarraba ƙananan tashoshi biyu, uku ko fiye a cikin gidan. Ɗaya ce uwa, ita ake haɗawa da tushen intanet. Sauran 'ya'ya ne, suna magana da uwar kuma suna magana da junansu. Dukkansu suna ɗauke da suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya, don haka idan ka tashi daga zaure zuwa ɗakinka, wayarka za ta koma tashar da ta fi kusa ba tare da ka taɓa komai ba.

Ya bambanta da ekstenda, 'yar na'urar nan da ake soka wa a soket. Ekstenda tana kama sigina ne ta maimaita, sau da yawa da wani suna daban, kuma ba ta san abin da sauran na'urori suke ciki ba. Tashoshin mesh kuwa manhaja ɗaya ce take juya su duka. Idan ɗaya ta mutu, sauran suna neman wata hanyar, matuƙar suna jin juna.

Fasahar ba sabuwa ba ce. Ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta kammala ƙa'idar mesh mai lamba 802.11s a 2011, kamfanin Eero ya fara sayar wa gidaje a Amurka a 2016, sannan a 2018 aka fito da ƙa'idar EasyMesh domin na'urorin kamfanoni daban-daban su iya aiki tare. Duk da haka, har yanzu mafi yawan tsarin da za ka samu ba sa auratayya: Deco na TP-Link da Deco yake haɗuwa, Nova na Tenda da Nova. Kada ka saya ɗaya nan ɗaya can da tunanin za su fahimci juna.

Shi kansa tunanin raba layi ɗaya tsakanin jama'a yana da tarihi a jiharmu. A Kafanchan, gidauniyar Fantsuam ta kafa ZittNet tun a shekarun 2000, inda aka rarraba intanet ta iska zuwa makarantu da cibiyoyi a lokacin da 3G ma bai isa ko'ina ba. A yankin Kataloniya na ƙasar Sifen, guifi.net ta fara a 2004 daga maƙwabta masu haɗa eriya da eriya. Abin da za ka yi a gidanku ƙaramin samfurin wannan ne.

Auna kafin ka saya

Mesh ba ya ƙara gudun intanet. Rarraba wanda yake akwai kawai yake yi. Idan rautar maigida tana samun 8 Mbps a falo, to ko tashoshi goma ka jera, 8 ɗin nan za a raba.

Saboda haka aikin farko shi ne gwaji. Tsaya kusa da rautar, buɗe Speedtest ko fast.com, ka auna da safe, da rana, sannan musamman tsakanin ƙarfe 8 zuwa 11 na dare, lokacin da kowa a unguwa yake kan waya kuma turken kamfanin yake cika. Lambar dare ita ce gaskiyar layinku. Idan ta yi ƙasa, gwada matsar da rautar jikin taga ko wuri mai tsayi, ko ka gwada layin wani kamfanin, kafin ka kashe ko sisi a kan mesh.

Sannan ka yi lissafi. Netflix yana ba da shawarar aƙalla 3 Mbps don bidiyo mai 720p, da 5 Mbps don 1080p. Idan ɗakuna goma ne, kuma a ce kowane ɗaki mutum ɗaya ne yake kallo a lokaci guda, kana buƙatar 30 zuwa 50 Mbps da dare.

Aiki na biyu shi ne zagaye gidan da manhajar auna sigina, irin WiFiman ko WiFi Analyzer. Za ka ga lamba mai alamar ragi a gabanta. Daga -30 zuwa -60 sigina ce mai ƙarfi. Kusan -67 ita ce iyakar da kiran bidiyo yake tafiya lafiya. Da ta kai -80, sunan Wi-Fi kawai kake gani. Shiga kowane ɗaki, rufe ƙyaure kamar yadda mai ɗakin yake kwana, ka rubuta lambar a takarda. Wannan takardar ce za ta faɗa maka tashoshi nawa kake buƙata da inda za su zauna.

Hanyoyi biyu na haɗa mesh da tsohuwar rauta

Za ka ɗauko kebul ɗin intanet, ka soka kai ɗaya a ramin da aka rubuta LAN a bayan rautar maigida, ɗaya kan kuma a jikin uwar tasha. Idan Starlink ne, duba irin rautarsa: ta ƙarni na biyu ba ta da ramin kebul sai an sayi adafta, ta ƙarni na uku kuwa tana da ramuka biyu. Bayan ka haɗa, manhajar mesh ɗin za ta ba ka zaɓi biyu, kuma a nan ne mutane da yawa suke danna duk wanda ya zo musu.

Zaɓi na farko shi ne wanda aka rubuta Access Point. A nan mesh ɗin ya zama kamar ƙarin eriya ga tsohuwar rauta. Ita ce take raba wa kowa adireshi, kowa kuma yana cikin ɗaki ɗaya. Yana da sauƙi, amma kayan aiki da yawa na mesh ɗin, irin fifita wata na'ura a kan wata, suna kashewa a wannan yanayin. Ga kuma nauyi: rautar da kamfanin waya ya ba ka tana da iyakar na'urorin da za ta ɗauka, gidan mutum ashirin kuwa yana iya tara wayoyi da kwamfutoci da talabijin fiye da talatin.

Zaɓi na biyu shi ne wanda aka rubuta Router. A nan mesh ɗin yana kafa nasa gidan a cikin gidan maigida, ya raba nasa adireshin. Alal misali, rautocin Huawei suna amfani da 192.168.8.1, Deco kuma 192.168.68.1. Idan ka ga lambobin biyu sun zo iri ɗaya, canza ɗaya, in ba haka ba za su yi karo. Za ka ji ana tsoratar da mutane cewa rauta a bayan rauta matsala ce. Ga mai WhatsApp da YouTube da manhajar banki, babu abin da zai ji, domin layukan kamfanonin waya ma da ma ta bayan irin wannan shingen suke bi. Masu buga gem a PlayStation da wasu 'yan wasa a intanet ne za su iya samun cikas. Idan Starlink ne, akwai zaɓin Bypass da yake mayar da rautarsa 'yar rakiya, mesh ɗin ya karɓi ragama.

Katangar da ba ta nan

Ga abin da ya fi komai muhimmanci a wannan rubutu. Mutane da yawa suna zaton idan sun sa mesh a yanayin Router suka ba 'yan haya, su kuma suka zauna a kan tsohuwar rauta, to sun gina katanga. Katangar tana nan, amma fuska ɗaya take karewa, kuma ba fuskar da maigida yake so ba. Wanda yake kan tsohuwar rauta ba zai iya shiga na'urorin 'yan haya ba. Amma ɗan haya yana iya isa ga duk abin da yake kan tsohuwar rauta, domin ta can hanyarsa ta fita intanet ta bi. Firintar maigida, akwatin kyamarorin tsaro, kwamfutar da aka buɗe wa rabon fayil, har da shafin saitin rautar kanta, duk suna gabansa. Idan kalmar sirrin wannan shafin har yanzu admin ce, yaro ɗan sakandare ma zai iya shiga ya canza komai.

A yanayin Access Point kuwa babu katangar gaba ɗaya.

Mafita mafi araha ita ce a juya tsarin. A sa mesh a yanayin Router, a kashe Wi-Fi ɗin tsohuwar rauta ta zama bututu kawai, maigida da iyalinsa da kyamarorinsa su koma babban layin mesh, 'yan haya kuma a buɗe musu layin baƙi, wanda manhajar take kira Guest Network. An gina layin baƙi ne domin mai shi ya fita intanet ba tare da ya ga kayan gida ba. Bayan ka saita, gwada da kanka: shiga layin baƙi da wayarka, ka nemi buɗe kyamara ko firinta. Idan ta buɗe, aiki bai kammala ba. Kuma ko ta buɗe ko ba ta buɗe ba, canza kalmar sirrin shafin tsohuwar rauta a ranar.

Layin baƙi yana da nasa naƙasun. A wasu na'urorin yana hana baƙi ganin junansu, wanda kariya ce tsakanin ɗan haya da ɗan haya, amma yana nufin mutum ba zai iya tura bidiyo daga wayarsa zuwa talabijin ɗinsa ba. Ka faɗa musu tun farko.

Wanda yake son cikakken iko sai ya sa ƙaramar rautar MikroTik tsakanin tushen intanet da mesh, ko ya koma tsarin Omada na TP-Link ko UniFi na Ubiquiti. Waɗannan suna iya yanka layi gida-gida da fasahar VLAN, su ƙayyade gudun kowa, su kuma ba kowane ɗaki kalmar sirrinsa. Sai dai suna buƙatar wanda zai zauna ya koya, ba aikin minti goma ba ne.

Kebul ya fi iska

Tashoshin mesh suna buƙatar hanyar da za su yi magana da uwarsu. Idan ta iska ce, kuma na'urar mai zango biyu ce kamar yawancin masu araha, to rediyo ɗaya ne yake sauraron wayarka kuma yake kai saƙo wurin uwa. Sakamakon shi ne kowane tsalle yana cinye kusan rabin gudun. Tasha ta biyu rabi, ta uku rubu'i. A gida mai tsawo inda tashoshin suke jere kamar layin awaki, na ƙarshe shi ne zai sha wuya, wato dai wanda aka yi aikin dominsa.

Maganin shi ne a ja kebul daga uwa zuwa kowace tasha. Cat5e ko Cat6 yana ɗaukar gigabit guda har tsawon mita 100, wanda ya ishi kowane gida a Unguwar Shanu. Idan za ka saya, a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ne ko a shagunan kwamfuta na titin Ahmadu Bello, nemi mai tagulla zalla. Akwai mai araha da aka rubuta CCA a jikinsa, alminiyam ne aka shafa masa tagulla, yana saurin karyewa kuma yana zafi idan aka tura wuta ta cikinsa. Fere bakin waya ɗaya da reza: idan ka ga fari a ciki, shi ne. Araha ba ta ado.

Kebul ɗin da zai bi waje a saka shi cikin bututun roba, domin rana tana busar da fatarsa, ɓera kuma yana ci. Kada a ɗaure shi tare da wayar wuta. Kada kuma a rataya shi a sama daga wannan rufin zuwa wancan, domin a daminar Kaduna tsawa tana iya bi ta cikinsa ta ƙone na'urorin da ke kai biyun.

Duba kuma ramukan tashar kafin ka biya. Deco E4 da Nova MW3 ramukansu 100 Mbps ne iyaka, Deco M4 da Nova MW6 kuwa gigabit ne. Idan layinku 30 Mbps yake bayarwa, na farkon ya isa. Idan 5G ne mai ƙarfi ko Starlink, ƙaramin rami zai shaƙe gudun da kuka biya.

Ina za a ajiye su?

Kuskuren da aka fi yi shi ne kai tasha cikin ɗakin da babu sigina. Idan ba da kebul aka haɗa ta ba, tashar ma ba za ta samu abin da za ta raba ba. Wurinta shi ne tsakiyar hanya, inda har yanzu tana jin uwa da kyau.

A gidan da ɗakuna suke kallon tsakar gida, baranda ta fi cikin ɗaki. Tasha ɗaya a ƙarƙashin rumfar baranda, sama da tsayin mutum, tana iya shiga ɗakuna uku ko huɗu ta taga. Ka nisanta ta da tankin ruwa, kada ka manna ta a jikin kwano, kada kuma ka kulle ta a akwatin ƙarfe don tsoron ɓarawo, akwatin roba ko na katako mai ramukan iska ya fi. Yawancin tashoshin cikin gida an yi su ne su jure zafi har digiri 40, ƙarƙashin kwano a watan Maris da Afrilu kuwa yana wuce haka. Ƙurar hunturu ma tana toshe ramukan iskarsu, sai a riƙa gogewa. Inda ruwan sama zai taɓa, nemi wadda aka ƙera don waje, irin EAP225-Outdoor, wadda take karɓar wuta ta cikin kebul ɗin intanet ɗin kansa.

Akwai kuma dalilin zaman tare da ya sa bai kamata tasha ta zauna a ɗakin ɗan haya ba. Ranar da ya yi tafiya ya kashe soket, ko kuɗin mitarsa ya ƙare, ko ya cire ta don ya sa cajin waya, duk wanda yake bayansa a layi ya rasa sabis.

Idan aka ɗauke wuta fa?

Duk wanda yake zaune a Kaduna ya san ba a gina tsari a kan zaton wuta za ta kwana. Abin daɗin shi ne waɗannan na'urori ba sa cin wuta. Mu ɗauka rauta tana jan wat 12, tashoshi uku kuma wat 8 kowacce. Jimla wat 36 ke nan, wato ƙasa da yunit ɗaya a awa 24, kusan yunit 26 a wata. Batir mai 12V da 100Ah yana riƙe da wat-awa 1,200. Idan na ruwa ne ba a so a sha fiye da rabinsa, saura 600, wanda zai riƙe tsarin kusan awa 16.

Idan gidan yana da inbata ko sola, a ja layi ɗaya zuwa duk tashoshin. Idan babu, akwai ƙananan batura na rauta da ake sa wa kowace tasha nata. Karanta abin da aka rubuta a jikin adaftar kafin ka haɗa, domin wasu 12V suke sha, wasu 9V, kuma kuskure a nan yana ƙone na'ura nan take. A sa abin kariya daga hauhawar wuta, saboda lokacin da ake dawo da ita ne kaya suka fi lalacewa.

Data, gudu da kuɗi

Kalmar unlimited da ake tallatawa tana da sharaɗi a ƙarƙashinta. A tsare-tsare da yawa akwai adadin da idan aka kai shi, kamfani zai rage gudun har zuwa ƙarshen wata. Karanta wannan sharaɗin kafin ka yi wa kowa alƙawari.

Ga lissafin da zai nuna maka girman abin. A ma'aunin Netflix, bidiyo mai matsakaicin kyau yana cin har 1GB a awa, mai HD har 3GB. Ɗakuna goma, awa biyu kullum, kwana 30: 600GB ke nan a matsakaici, 1,800GB a HD. Ba a sa sabunta manhajoji da sauke fina-finai ba. Mutum ɗaya mai sauke jerin fina-finai dare da rana zai iya jefa gidan gaba ɗaya cikin tafiyar hawainiya tun ranar 12 ga wata. Shi ya sa kafin ka zaɓi mesh, ka tabbatar manhajarsa tana nuna abin da kowace na'ura take ja, kuma tana iya ƙayyade gudun layin baƙi. Ba kowanne ne yake da wannan ba.

Batun kuɗi kuma a rubuta shi a takarda, ko a ƙalla a zauren WhatsApp na gidan. Nawa ne kuɗin wata? Da ɗaki za a raba ko da yawan na'ura? Misali, idan Naira 60,000 ne kuma ɗakuna goma, kowa 6,000, to gwauro mai waya ɗaya zai yarda ya biya daidai da mai iyali da wayoyi biyar da talabijin? Ranar nawa ake biya, kuma me zai faru da wanda bai biya ba? Idan sabis ya ɗauke kwana uku daga kamfani, wa zai ɗauki asarar? Na'urorin na wa ne idan wani ya tashi daga gidan? Shawarata ita ce maigida ya sayi kayan da kuɗinsa su zama nasa, kuɗin Wi-Fi kuma a ware shi daga kuɗin haya, domin kada saɓani a kan data ya zama sanadin sallama daga ɗaki. Zo mu zauna, zo mu saɓa ne, amma abin da aka rubuta ba ya jawo musu.

Kalmar sirri ba ta ɓoyuwa

Tun daga Android 10, duk wanda yake kan Wi-Fi zai iya fito da lambar QR aboki ya ɗauka ya shiga. Cikin mako biyu sai ka tarar majalisar ƙofar gida da shagon mai caji duk suna kan layinku. Toshe waya ɗaya-ɗaya ma ba ya ɗorewa, domin Android 10 da iOS 14 sun zo da fasahar sauya lambar shaidar waya, wanda aka toshe zai iya dawowa da sabuwar fuska.

A mesh na gida, abin da yake aiki shi ne canza kalmar layin baƙi duk wata, ranar biyan kuɗi, da yarjejeniya a kan yawan na'urorin kowane ɗaki. A MikroTik ko Omada kuwa ana iya ba kowane ɗaki tikitinsa, wanda za a kashe shi kaɗai ba tare da an taɓa sauran ba. Ka zaɓi tsaron WPA2 ko WPA3, ka kashe WPS, ka kuma bar na'urorin su riƙa sabunta manhajarsu.

Doka da amana

Layin da yake cikin rautar da sunan mutum ɗaya aka yi masa rajista, kuma an haɗa shi da lambarsa ta NIN. Idan wani ya yi damfara ko barazana ta wannan layin, ƙofar mai rajistar za a fara ƙwanƙwasawa. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, tana aiki a kan irin waɗannan laifuka. Don haka maigida yana da hujjar sanin su wa ke kan layinsa.

Haka kuma dokar sadarwa ta 2003 ta ce sai da lasisin NCC ake sana'ar samar da sabis na sadarwa, kuma sharuɗɗan Starlink na gida sun hana sayar da sabis ɗin ga wasu ba da izini ba. Wanda yake tunanin buga tikiti ya sayar wa duk layin don riba, ya sani ya shiga wani hurumin, ya nemi bayani daga hukumar da kamfaninsa kafin ya fara.

Ɗan haya shi ma yana da haƙƙi. Mai riƙe da manhajar mesh yana ganin sunan wayarka, lokacin da ka shiga, yawan datar da ka ja, a wasu na'urorin har da sunayen shafukan da ka ziyarta. Ba ya ganin abin da ke cikin saƙonninka na WhatsApp, waɗanda aka kulle daga waya zuwa waya tun 2016, ba ya kuma ganin abin da ka rubuta a shafin da adireshinsa ya fara da https. Duk da haka, sanin inda mutum yake shiga ma sirri ne, kuma Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2023. Wanda aka damƙa wa manhajar amana aka ba shi. Ya faɗa wa kowa abin da yake iya gani, kada kuma abin da ya gani ya zama hirar majalisa.

To, a saya ko kada a saya?

Idan ɗakuna uku ne ko huɗu kusa da juna, gwada fito da rautar baranda ka ɗaga ta sama tukuna, wataƙila shi ke nan. Idan gudun dare bai kai ba, matsalarku tushe ce, mesh ba zai gyara ta ba. Idan gidan yana da tsawo, ɗakuna shida zuwa goma sha biyu, layin kuma yana da ƙarfi, to tashoshi uku da aka haɗa da kebul, a yanayin Router, 'yan haya a layin baƙi, batir a bayansu, shi ne tsarin da ya fi dacewa. Idan ɗakunan sun haura haka, ko bene ne mai hawa biyu, ka tsallake mesh na gida ka nufi MikroTik ko Omada.

Abin da za ka iya yi yau ba ya buƙatar kuɗi: sauke manhajar auna sigina, jira ƙarfe 9 na dare, ka zagaye gidan da biro da takarda. Idan ka gama, kai wa maigida lambobin, ku zauna da sauran 'yan haya a yi maganar kuɗi da ƙa'ida kafin a je kasuwa.